Amsar ɗaliba tata ce, ko da kuskure ce

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce a darasin bayoloji malami ya tambayi ɗalibar nan kurma da kake wa tafintar maganar hannu wace iska tsiro yake zuƙa don haɗa abincinsa, ta amsa da hannu ta ce oksijin, kai kuma da ka buɗe baki sai ka ce iskar kabon, saboda ka san ita ce amsar, kuma ba ka son 'yan aji su yi mata dariya. Kana tambaya ko abin da ka yi daidai ne.

Ba daidai ba ne, ko da yake na san tausayi ne ya ja ka. Malamin nan ya fita daga aji yana ganin yarinya ta gane, gobe zai wuce babi na gaba hankalinsa kwance. Ita ma ta ga ya gyaɗa kai, ta koma gida da oksijin a ranta tana murna ta ci. Gyaran da ya kamata ta samu a ranar, kai ka tare shi. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi, a zauren WAEC ko NECO daga ita sai biro da takarda. Don haka abin da hannunta ya faɗa shi bakinka zai faɗa. In ta amsa da shakka, a ji shakka a muryarka. In ta amsa da ƙarfin gwiwa alhali kuskure ne, ka faɗe shi da ƙarfin gwiwar, domin malami yana bukatar sanin zurfin da kuskuren ya yi a kanta.

Sai dai kafin ka ɗora mata kuskuren, ka tambayi kanka: tambayar malami ta amsa, ko tambayar da ta fito daga hannunka? A nan ne yawancin aikinmu yake, kuma a nan nake son ka tsaya.

Ajin nan da kake tsaye a cikinsa harsuna uku ne suke karo. Malami yana Turanci. Maganar hannun da kai ka koya, wadda makarantu suke amfani da ita, tushenta Amurka ne. Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata, ɗan mishan, shi ya buɗe makarantar kurame a Akara ta ƙasar Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, kuma ta hannun waɗanda ya horar ne wannan maganar hannun ta bazu a ƙasar nan. Makarantar Tudun Maliki ta Kano sai a 1977 aka buɗe ta. Amma tun kafin duk wannan, kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu, wadda ake ɗauka a kasuwa da majalisa wajen manyan kurame, ba a aji ba. Harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, aka buga aikin a 2000. Yaro da yawa da ita yake tunani, ta makaranta kuwa aro ce a wajensa. In ka kawo alamar makaranta ka ga idonsa bai kama ba, kada girman kai ya hana ka komawa ta gida. Ka riƙa zuwa inda kurame suke zaman hira da yamma, ka zauna a matsayin ɗalibi. Abin da za ka samu a can babu kwalejin da za ta ba ka.

Su kansu yaran ba ɗaya suke ba. Wanda sanƙarau ko ƙyanda ta tafi da jinsa yana ɗan shekara 8 ya riga ya cika kansa da Hausa, yana iya kama magana a leɓe, sau da yawa ma yana magana da baki. Wanda aka haifa kurma a gidan da kowa yake ji, wataƙila ya iso makaranta da 'yan alamun da shi da mahaifiyarsa suka ƙirƙira kawai. Ka bincika wace ce ɗalibarka a cikin biyun nan, don tafintar da za ta yi wa ɗaya amfani ba za ta yi wa ɗayan ba.

Sai rubutun yatsu, wanda sababbin tafintoci suke fakewa a bayansa. Sunan da Turawa suka ba wannan haɗa abinci na tsiro, wato photosynthesis, harafi 14 ne. Kana iya jera su da yatsu cikin sauri, ka ji a ranka ka isar da saƙo, alhali haruffa ka isar, ma'ana tana nan inda ka bar ta. Ka gina abin a sarari gabanka: ga ganye, ga rana daga sama, ga ruwa yana hawa daga saiwa, ga iskar da take shiga, ga wadda take fita. Sannan ka rubuta sunan da yatsu, ka nuna shi a allo. Ina kyautata zaton a nan aka samu matsala ranar, domin iska biyu ce a darasin, ɗaya shiga ɗaya fita, in hannunka bai raba musu hanya sosai ba dole su cakuɗe. Idan ka ga alamar daga wajenka ne, ka faɗa a fili: "Malam, a ba ni dama in sake isar mata da tambayar." Babu abin kunya a ciki, kuma laifi ya sauka daga kan yarinya.

Ka tuna kuma ido biyu kawai take da su, da su take sauraro, da su take karatu, da su take rubutu. Mai ji yana kwafe allo kunnensa na bin malami. Ita kuwa da ta sunkuyar da kai kan littafi, duk abin da aka faɗa ya wuce ta. Ka tsaya kusa da allo yadda za ta haɗa ka da shi a kallo ɗaya, kada ka ba taga baya, haske zai mayar da fuskarka inuwa, fuska kuwa rabin maganar hannu ce. Ka roƙi malami ya riƙa ɗan jinkirtawa bayan ya jefa tambaya, tunda kullum hannunka yana bayan bakinsa da 'yan daƙiƙu, kafin tambaya ta isa gare ta wasu sun ɗaga hannu. Ga gajiya. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 na tafinta ba tsayawa, hannu da ƙwaƙwalwa suna fara zubar da magana, shi ya sa inda aka wadata ake sa tafinta biyu suna karɓa-karɓa. Mu nan mutum ɗaya ke ɗauke da yini guda. Kuskuren darasin bayan azahar ka fara tuhumar kanka a kansa.

Maganar dariya, wannan aikin malamin aji ne, ka same shi a ofis ku yi ta. Amma akwai abin da yake hannunka. Tafintoci da yawa idan yaro mai ji ya ba da amsar banza sai su sauke hannu, su jira daidai ta fito sannan su isar. Haka kurma yake girma yana zaton shi kaɗai ne yake kuskure a aji. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Ka isar mata da komai: amsar da ba daidai ba, tsawar malami, barkwancin da ya sa aji ya fashe. In ta ga na kusa da ita ya faɗi an gyara masa duniya ba ta tashi ba, tsoron ɗaga hannu zai ragu. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba ta haƙƙin ilimi kamar kowa, a ganina gyaran malami yana cikin wannan haƙƙin.

Ranar gwaji kuma ka kula da fuskarka. Kurame sun fi kowa karanta fuska, ɗaga gira ɗaya ya isa ya gaya mata ta canza amsa. Ka isar da umarnin mai sa ido, ka kau da kai daga takardarta.

Gobe kafin a shiga aji ka sami malamin bayoloji, ka gaya masa abin da ya faru yadda ya faru, ka roƙe shi ya maimaita wannan gaɓar. Ka karɓi jerin darussan makon a hannunsa, ku zauna da yarinyar ku tsayar da alamar da za ku riƙa yi wa kowace iska. In kun tsayar, ka ɗauko mini bidiyonsu a waya in gani.