Lantarki a Jikin Tsuntsu

Tambaya: Malam, shin gaskiya ne cewa tsuntsaye masu shan ruwan zaƙin fure suna ɗauke da lantarki a jikinsu, har yana taimaka musu wajen barbarar furanni? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, akwai ƙamshin gaskiya a zancen, sai dai ba irin lantarkin da ke kunna fitila ba ne. Caji ne ɗan kaɗan da ke taruwa a gashin tsuntsu yayin da fukafukansa ke gogayya da iska da ƙura, kamar yadda matajin roba da aka goga a gashi yake ɗauke gutsattsarin takarda. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili sun auna wannan caji a jikin hamingbad, ƙaramin tsuntsun nahiyar Amurka. Shi fure, da yake tsironsa a haɗe yake da ƙasa, yakan ɗauki kishiyar cajin idan tsuntsun ya matso, saboda haka garin furen zai iya tsallakowa ya manne wa baki da goshinsa tun kafin su taɓa juna. A ganina taimako ne kawai, domin yawancin garin ta hanyar gugar jiki yake mannewa, kuma danshin iska yana rage cajin.