Amsar tambayar Hajiya kan ƙaninta da sana'ar sayarwa kai tsaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Na saurari saƙon da Hajiya ta turo jiya da daddare, kuma saboda waɗanda bai kai gare su ba, ga abin da ta ce a taƙaice: ƙaninta ya rasa ganinsa shekara biyu da suka wuce sakamakon hawan jinin ido, ya bar aikin da yake yi, yanzu kuma wani abokinsa ya kawo masa tayin shiga wani kamfani da ke ba mutane kaya su sayar hannu da hannu ga masu buƙata, ba tare da shago ba, a biya su kamasho. Tana tambaya ko sana'ar ta dace da shi, kuma ta wace hanya za ta taimaka masa ya fara. Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka miki da alheri. Na ɗan jima ina aiki tare da masu lalurar gani da ke neman abin dogaro da kai, don haka zan faɗi abin da na sani, ki yi haƙuri idan maganar ta yi tsawo.

Sana'ar ta dace da shi ƙwarai. Jarin mai talla na farko shi ne bakinsa, sai kunnensa, sai riƙe sunayen mutane da abin da kowannensu yake so, sai cika alkawari, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake neman ido. Inda ido yake shigowa shi ne wajen bambance kaya, ƙirga kuɗi, ajiye lissafi da kai haja inda aka yi oda, kuma dukkansu suna da dabara. Sai dai kafin dabarun, akwai abin da ban ji a saƙonki ba, wato abin da shi da kansa ya ce. Shin yana son sana'ar, ko kuwa ku ne kuke so masa ita saboda kun gaji da ganinsa a zaune? Ki tambaye shi ku biyu kaɗai, ki kuma tambaye shi iya abin da yake gani a yanzu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, amma kaɗan ne daga cikinsu ba sa ganin komai sam. Hawan jinin ido yakan fara cinye gani daga gefe, tsakiya ta saura, saboda haka yana iya yiwuwa har yanzu yana iya karanta manyan haruffa idan haske ya wadata. Wanda yake da ragowar gani da wanda ba shi da shi ko kaɗan, kayan aikinsu daban ne.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne kamfanin, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Kamfanonin sayarwa kai tsaye iri biyu ne a aikace, ko da yake duk suna kiran kansu da suna ɗaya. Akwai wanda ribar wakilinsa take fitowa daga kayan da ya sayar wa mai amfani da su. Akwai kuma wanda kayan da yake sayarwa rufa-ido ne kawai, ainihin kuɗin yana fitowa daga rajistar sababbin mutanen da ka jawo, su ma su jawo wasu. Wannan na biyun lissafi ma ya ƙaryata shi: idan kowane mutum zai kawo shida, su ma kowannensu ya kawo shida, a hawa na 13 kaɗai ana buƙatar fiye da mutum biliyan 13, alhali duniya gaba ɗaya a 2022 ta cika biliyan 8. Ke nan na ƙasa su ne ke ciyar da na sama, kuma wanda ya shigo a makare shi ke kwasar asara. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan tuhuma ba, domin a 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 bayan hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta bincike shi, ya kuma amince ya sauya tsarinsa yadda ladan wakili zai dogara da kayan da aka sayar da gaske.

Don haka ki nemi takardar yarjejeniyar, a karanta masa ita daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa, kuma kada abokin da ya kawo tayin ya zama shi ne mai karantawar, tunda yana da rabo idan ƙanin naki ya shiga. Ku bincika ko dole ne ya sayi wani adadi na kaya duk wata kafin a biya shi kamasho. Ku bincika ko kamfanin zai karɓi kayan da suka ƙi tafiya ya mayar masa da kuɗinsa. Ƙungiyar kamfanonin sayarwa kai tsaye ta Amurka, alal misali, ta wajabta wa mambobinta su karɓi kayan da ba su lalace ba waɗanda wakili ya saya cikin wata 12, su biya aƙalla kashi 90 cikin 100 na kuɗinsu, kuma wannan ma'auni ne mai kyau da za ki gwada kowane kamfani da shi. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah: da ba ƙaninki ne ke sayarwa ba, za ki sayi wannan kayan a kan wannan farashin? Idan amsar a'a ce, to sauran mutane ma haka za su ji, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba dole sai ta hanyar kamfani ba. Yana iya sarin kaya daga babban dila ya sayar da sunan kansa.

Idan kamfanin ya tsallake wannan, sai a zo kan zaɓen haja. Shawarata ita ce ya fara da kaya iri uku ko huɗu kawai, waɗanda ake ƙarar da su a sake nema, waɗanda ya yi amfani da su da kansa har zai iya bayaninsu ta hanyar ƙamshi, laushi ko nauyi. Kayan da ake zaɓa ta launi su dakata tukuna. Matsalar da takan taso ita ce kwalabe biyu masu siffa ɗaya amma abin ciki daban, kuma maganinta mai sauƙi ne. Ranar da kaya suka iso, ku zauna tare, ki faɗa masa mene ne wannan, shi kuma ya ɗaura masa alama da hannunsa: roba ɗaya a wuyan wannan kwalbar, roba biyu a wancan, guntun salatif a murfin na uku. Ki karanta masa ranar da kowanne zai daina aiki, ya jera wanda zai riga lalacewa a gaba. Daga ranar kuma kada wani a gidan ya sauya wa kayan wuri, ko da da niyyar gyara ne, domin tsarin da ya jera su shi ne idonsa. Ban kawo maganar rubutun Braille, wanda ake karantawa ta hanyar shafawa da yatsu, ba saboda da yawa daga waɗanda suka rasa gani da girmansu ba su koye shi ba, kuma ba sai ya jira ya koya kafin ya fara ciniki ba.

Waya kuwa ita ce shagonsa da littafin lissafinsa. Yawancin wayoyin Android suna iya aiki da TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver tun 2009, kuma aikinsu shi ne karanta abin da ke kan fuskar waya da murya. A kwamfuta akwai NVDA, wadda kyauta ce. Makonnin farko suna da ban haushi, domin yadda ake taɓa wayar yakan sauya gaba ɗaya, kuma wanda ya fi cancanta ya koya masa shi ne wani mai lalurar gani da ya riga ya ƙware, ba mai ido ba. Akwai Lookout ta Google da Seeing AI ta Microsoft masu karanta rubutun jikin kaya ta kyamara, akwai kuma Be My Eyes, wadda aka ƙaddamar a 2015, da ke haɗa shi da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo ya duba masa abu. Sai dai ki lura, kamfanoni da yawa suna turo jerin farashinsu a matsayin hoto, mai karanta fuskar waya kuma bai cika iya hoto ba, don haka ya nemi a riƙa turo masa a rubuce. Kamfanin da ya ƙi yin wannan ɗan ƙaramin abu ya riga ya nuna masa matsayinsa a wurinsu.

Wajen kuɗi ne aka fi cutar masu lalurar gani. Ya fifita a biya shi ta banki, kuma kada ya saki kaya don an ce masa ga hoton shaidar biya, sai ya ji saƙon bankinsa da kunnensa ko ya shiga ya ji abin da ke asusunsa. Ya riƙa sa abin sauraro a kunne idan zai shigar da lambar sirri, kada wayar ta shelanta ta ga jama'a, kuma lambar nan ko ke kada ki sani. Idan tsabar kuɗi ce, kowane irin takarda ya sami nasa ninki da nasa aljihu. Bashi kuma ya rufe ƙofarsa a watannin farko, musamman ga dangi.

Akwai wani kuskure da na taɓa yi da kaina, kuma ina ganin alamarsa a muryarki. Wata baiwar Allah da muka taimaka wa ta fara sayar da kayan shafa, saboda tausayi sai na riƙa karɓar mata oda a wayata, ina rubuta mata lissafi, ina raka ta wajen masu saye. A gabana mai saye zai ɗauki kwalba ya juyo gare ni ya ce, nawa take sayarwa, alhali ga ta nan tsaye, ni kuma in amsa. Da na yi tafiya ta mako uku cinikin ya tsaya cik, domin duk lambobin suna wajena kuma masu sayen ni suka sani. Da na dawo ta ce min, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, in mayar mata da kasuwancinta. Daga ranar idan aka tambaye ni farashi sai in yi shiru, har mai tambayar ya gane wa ya kamata ya fuskanta.

Haka ma masu saye na tausayi. Makon farko dangi da abokai za su saya don su ƙarfafa masa gwiwa, kuma hakan alheri ne, amma kada a auna kasuwa da shi, kada kuma a ƙara sari saboda shi. Ma'aunin shi ne mutum nawa suka dawo karo na biyu da na uku ba tare da an roƙe su ba. Ya riƙa ajiye sunan kowane mai saye tare da abin da ya saya da ranar, ya ƙiyasta lokacin da kayan za su ƙare, ya kira ana saura kwana biyu ko uku. Wajen kai kaya kuma ya ware rana ɗaya ko biyu a mako, ya haɗa na yanki ɗaya a tafiya ɗaya, kuma kuɗin mota da ladan wanda ya raka shi ko ya kai masa su shiga lissafi kafin ya kira abin da ya rage riba. Bayan wata uku ku zauna, shi ya karanto miki lissafin daga wayarsa, ya yanke ko zai ci gaba, ko zai sauya haja.

Hajiya, ki kunna masa wannan saƙon ya ji da kansa. Idan yana da tambaya kan takardar kamfanin ko kan saita wayar, ki ba shi lambata ya kira ni shi da kansa bayan la'asar. Wassalamu alaikum.