Jini Bayan An Cire Mahaifa: Al'ada Ce Ta Dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 43. Wata 10 ke nan da aka cire min mahaifa da ma'ajiyar ƙwai saboda sankarar bakin mahaifa, daga baya aka yi min gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura. Makon jiya na ga ɗan jini sau biyu. Yayata ta ce al'ada ce ta dawo, alamar sauƙi ce, har ta samo min wani haɗi daga mai tallan magani a Facebook wai yana wanke ragowar cutar. Ga zufa da dare, ga zafi in maigida ya kusance ni. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki koma asibitin da aka yi miki aiki cikin makon nan, kada ki jira ranar da ke kan kati.

Jinin al'ada daga shimfiɗar cikin mahaifa yake zubowa. Wadda aka cire wa mahaifa, ta ina zai fito? Wannan magana ta "al'ada ta dawo" kusan kullum sai na ji ta, kuma tana ci min rai, domin ita ke zaunar da mata a gida wata da watanni suna murna da abin da ya kamata a duba. Ban ce cutar ce ta dawo ba. Gashi kan sa fatar cikin gaba ta bushe ta yi laushi, ƙananan jijiyoyi su riƙa tsagewa, musamman bayan saduwa. Amma in sankarar nan za ta dawo, akasari cikin shekara 2 zuwa 3 na farko take yi, sau da yawa a daidai wurin ɗinkin. Babu mai rarrabe jinin illar gashi da na dawowar cuta daga nesa, sai likita ya duba, in ta kama a ɗebi ɗan nama a gwada. Dalilin da ake ganin ki duk wata 3 ko 4 a shekara biyun farko ke nan, sannan duk wata 6 har shekara 5. Abin da aka kama yana ƙarami, a wuri ɗaya, ana iya yi masa magani.

Shi mai haɗin ya taɓa ganin sakamakon gwajinki? Ya san irin sankarar da aka cire? Mutum bai duba ki ba, ya ce zai wanke abin da bai ma san ko akwai shi ba! Kada ki sha, kada ki saka a gabanki. Wurin da aka gasa ba ya jure ƙuna, kuma ƙoda da hanta ne ke ɗaukar nauyin abin da ba a san mene ne ba.

Zufar kuwa, rashin ma'ajiyar ƙwai ne ya tsayar da sinadaran mata (hormones) na jikinki farat ɗaya. Da yawan masu irin cutarki suna iya shan maganin maye gurbinsu, wanda ke kare ƙashi ma, amma likitanki ne zai yanke. Ki yi masa maganar zafin saduwa ba kunya: akwai man shafawa mai ruwa, da 'yar roba mai santsi da ake sakawa akai-akai don kada hanyar ta tsuke. Ki tafi da maigida ya ji da kunnensa cewa sankara ba ta yaɗuwa ta saduwa.

In ƙafa ɗaya ta kumbura, ko kin ga ruwa mai wari, ko ciwon ƙugu ya ƙi lafawa, ki faɗa wa likitocinki a ranar da kika ga hakan.