Na rage sigari na koma na lantarki, ga shi kuma ana ta haramta shi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na shafe shekaru masu yawa ina shan sigari, kwali guda a kowace rana. Bara na fara amfani da sigarin lantarki, wanda ake kira vape, kuma yanzu kara uku ko huɗu kawai nake sha a rana, sauran lokacin na lantarkin nake zuƙa. Sai ga shi ina jin ƙasashe suna ta haramta shi, har ana cewa ya kashe mutane. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shin ya fi sigari illa ne? In yar da shi in koma sigarina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka koma kwalin sigari, domin duk abin da bincike ya nuna zuwa yau yana tabbatar da cewa sigarin da ake kunna wa wuta ya fi na lantarki illa nesa ba kusa ba. Matsalar tana cikin ƙonewar ganyen taba, wadda ke fitar da hayaƙi mai ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an san suna haddasa ciwon daji, ga kwalta, ga iskar kabon monosaid da ke hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Na lantarki yana dumama wani ruwa mai haɗin sinadarai ne kawai, don haka babu kwalta a cikinsa, sai dai akwai nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa barin taba, akwai sinadaran ƙamshi, kuma an sha gano ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da darma a tururinsa. Tun da sai a 2003 wani masanin haɗa magunguna ɗan China mai suna Hon Lik ya ƙirƙiro irin wanda ake sha yau, babu wanda ya zuƙe shi shekara 40 balle a ga abin da zai yi wa huhu a ƙarshe. Wanda bai taɓa shan taba ba, musamman matashi ko mace mai juna biyu, ba shi da wani dalili na kusantar sa.

Mace-macen da ka ji labari sun faru a Amurka a 2019 da farkon 2020, inda aka kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti, 68 suka rasu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano cewa babban musabbabin shi ne wani mai da ake samarwa daga bitamin E, wanda masu sayarwa a ɓoye ke gauraya wa ruwan da ke ɗauke da sinadarin wiwi. Darasin da ke ciki ya shafi duk ruwan da ba a san wanda ya haɗa shi ba.

Game da haramcin kuwa, ƙasashen ba su bi hanya ɗaya ba. Brazil ta hana sayar da shi tun 2009, Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019, Ostareliya ta mayar da sayar da shi kantunan magani kaɗai a 2024, ita kuwa Birtaniya tana ƙarfafa wa manya masu shan taba gwiwa su koma gare shi, duk da haka ta hana irin wanda ake sha a yar daga watan Yunin 2025. Abin da ya fi tunzura yawancinsu shi ne yara 'yan makaranta da aka ja ra'ayinsu da ɗanɗanon alewa da 'ya'yan itace, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya da nake goyon baya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a haramta na lantarki a bar sigari a kasuwa kowa ya saya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara. Doka irin wannan tana sa mutum kamarka ya ɗauka sigari ne mai sauƙin illa, sannan tana tura cinikin zuwa bayan fage inda babu mai duba abin da aka zuba a kwalba. A ganina, a tsaurara iyakar shekaru, a hana talla da ɗanɗanon da ke jan yara, a riƙa gwada kayan da ake sayarwa, ya fi haramcin da ba a iya aiwatarwa.

Amma Malam, abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne waɗannan kara uku ko huɗu da ka ambata kamar ba komai ba. Kullum sai na ji wannan magana daga bakin marasa lafiya: likita ai na rage, ɗan kaɗan nake taɓawa bayan cin abinci. Suna lissafin cewa wanda ya sauko daga kara 20 zuwa kara 4 ya rage haɗarinsa da kashi 80 cikin 100, kuma wannan lissafi kuskure ne da ke kai mutane kabari. Zuciya da jijiyoyin jini ba sa ƙidayar kara. Hayaƙi kaɗan ya isa ya raunata bangon jijiya daga ciki, ya sa jini ya riƙa saurin daskarewa, kuma gudan jini ɗaya da ya toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa ya isa ya kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wani babban nazari da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2018 ya nuna cewa namijin da ke shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Kara ɗaya fa na ce, kai kuwa huɗu kake sha. A ɓangaren ciwon dajin huhu ma, yawan shekarun da mutum ya yi yana sha ya fi yawan karan da yake sha a rana tasiri, don haka duk shekarar da ka ƙara da kara huɗun nan tana shiga cikin lissafi.

Ga kuma wata illar da ba a faɗa wa mutane. Mai haɗa biyun yakan zuƙi na lantarki a wuraren da da ba ya iya kunna sigari, a ofis, a mota, a kan gado, sai jikinsa ya saba da nikotin daga safiya har dare, barin ya ƙara yi masa wuya. Kuma saboda tarin ya ragu, warin ya bar tufafinsa, iyali sun daina ƙorafi, sai ya saki jiki ya daina tunanin bari gaba ɗaya. An gudu ba a tsira ba ke nan. Masu sayarwa da masu surutu a kafafen sada zumunta suna ƙara rura wutar, wannan ya ce tururin ruwa ne zalla, wancan ya ce yana wanke huhu, wani kuma yana tallar jiƙon da wai zai fitar da kwaltar shekara 20 cikin mako guda. Babu abin da ke wanke huhu, huhu yana gyara abin da zai iya gyarawa ne da kansa idan aka daina cusa masa hayaƙi, kuma mai faɗa maka saɓanin haka kuɗinka yake so.

Idan za ka yi amfani da na lantarki, to ya zama tsani ne na fita daga sigari kwata-kwata. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2019, ya nuna kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka bai wa shi sun bar sigari har shekara guda, idan aka kwatanta da kusan kashi 10 na waɗanda aka bai wa cingam ɗin nikotin ko filastar nikotin da ake mannawa a fata, sai dai mafi yawan waɗanda suka bari ta hanyarsa sun ci gaba da zuƙar sa. Saboda haka ka sanya ranar da za ka sha karanka na ƙarshe cikin makonni biyu masu zuwa, ka fitar da sigari da ashana daga gida, sannan bayan ka tsaya da ƙafarka ka riƙa rage ƙarfin nikotin na ruwan har ka ajiye shi ma. Idan an haramta shi a inda kake, kada ka nemi na bayan fage, ka je wurin likita ya rubuta maka filasta, ko cingam, ko ƙwayar barenikilin mai rage sha'awar taba. A zuwan nan ka sa a auna hawan jininka da numfashinka, kuma idan kana jin ciwon ƙirji, ko tari da jini, ko rama ba dalili, kada ka jira ranar da ka sanya, ka tafi asibiti yau. Allah ya ba ka iko.