Talaka, ɗan ƙasa da "bin na gaba": amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin da suka taru wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar masu mulki da waɗanda ake mulka, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka yi tambaya kan sunayen itatuwa su yi mani haƙuri sai karo na gaba in Allah ya kai mu.

Wani ɗalibi daga Runjin Sambo ya rubuto ya ce: "Malam, a unguwa ana ce mana talakawa, a rediyo kuma ana ce mana 'yan ƙasa, shin duk ɗaya ne? Kuma wai gaskiya ne mai kuɗi ma talaka ne?"

Gaskiya ne ɗana. A Hausar iyayenmu talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta kuma ba ɗan gidan sarauta ba ne, maganar aljihu ba ta shigo ciki ba. Marar abin hannu sunansa matalauci, ko fakiri, ko miskini. Bafataken da ke da raƙuma cike da kaya yana zuwa Agadas yana dawowa, in ya shigo Ƙanwuri, wajen fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, ya tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa, talakan Sarkin Musulmi ne duk da dukiyarsa. Masana da yawa suna ganin kalmar daga harshen Buzaye muka aro ta. Amma ka lura da yadda take zama a cikin magana, kullum tana neman mai ita, talakan wane, talakawan Sarkin Gobir, sarki ya miƙe ya ce "talakawana". Shi ko ɗan ƙasa ba a jingina shi ga wani mutum ba, ga ƙasa aka jingina shi, kuma ɗa a gida yana da gado. Kalmar ɗa ɗin nan ma tana da wata ma'ana ta biyu da yaran yanzu suka fara mantawa, wato wanda ba bawa ba, daga nan 'yanci ta fito, mu nan Sakkwato da muke cewa ɗiya sai muka ce ɗiyauci.

To da siyasar jam'iyyu ta zo, NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta ɗauki kalmar talaka ta ɗaga ta sama, su Malam Aminu Kano suna cewa Sawaba, NPC ta su Sardauna suna cewa Salama, kuma daga lokacin talaka ya zama sunan da mutum zai faɗa da ƙarfin murya. Wannan gwagwarmayar ce ta kai ga soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979 lokacin gwamnonin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Yau tsarin mulkin 1999 a sashe na 14 cewa ya yi iko na jama'ar Najeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun ƙarfinta, kuma tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa ta. Abin da ke damuna shi ne takarda ta ce mana 'yan ƙasa amma bakinmu har gobe na talakawa ne. An gyara famfo a unguwa sai ka ji ana "Allah ya saka, ya taimaka muna", alhali kuɗin jama'a ne, kai kanka da ka sayi katin waya akwai harajin kashi 7.5 a cikinsa. Godiya halin kirki ce ban hana ba, amma a gode sannan a tambaya nawa aka ware nawa aka kashe.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ce a Gwadabawa, jikansa ya rubuta masa, kuma zan kawo ta yadda ya faɗe ta: "Malam, tun da munka tashi muna jin ana hwaɗin bin na gaba bin Allah. Yanzu ga ɗiyanmu sun hau waya kullum suna sukar gwamnati. Shin wagga magana ta mutu ko ko su ne sunka ɓace?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar ba ta mutu ba kuma ba na fatan ta mutu, garin da babu mai bin wani ba ya zaunuwa. Na gaba a wannan karin maganar shi ne duk wanda aka sa a gaba, uba a gida, malami a makaranta, madugu a ayari, sarki a gari. Amma bari mu duba yadda muke bin na gaban da muka fi bi kullum, wato liman. Sau biyar a yini muna bayansa, ya yi ruku'u mu yi, ya ɗago mu ɗago, ba mai riga shi. To ranar da ya yi mantuwa ya miƙe zai ƙara raka'a ta biyar a Azahar fa? Sahu gaba ɗaya zai ce subhanallah, har yaron da ke can baya, kuma ba wanda zai ce ya fita daga jam'i ko ya raina liman, ai sallarsa da ta liman yake ceto. Sayyidina Abubakar da kansa ranar da aka yi masa mubaya'a ya gaya wa jama'a in ya yi daidai su taimake shi in ya karkace su miƙar da shi.

Kuma mu a ƙasar nan ba sai mun je nesa ba. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin idi ya yi masu kyauta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai karɓi tasa ba, ya ce a maimakonta yana roƙon abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke tsare, kuma kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. A gaban sarki ya faɗa, cikin taro, babu zagi. Daga baya a Kitabul Farƙi ya jero abubuwan da sarakunan lokacin ke karɓa daga jama'a da sunayensu na Hausa, jangali, kuɗin gari, da gaisuwa, wato abin da ake miƙa wa mai mulki kafin ya saurare ka. Ban ce tsarin Shehu shi ne dimokuraɗiyya ba, wancan daban wannan daban, kowanne da tushensa. Abin da nake cewa shi ne gaya wa shugaba gaskiya gadonmu ne tun kafin Bature ya zo.

Hausawa suna da karin maganar da ta raba gardamar nan, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka ga mai kaya a bisa jaki lodinsa ya karkace ka yi masa magana, ba rabo kake nema ba, so kake kayan su isa gida. Yaron da ya ɗauki hoton asibitin garinsu babu magani, ko kwalbatin da ya cushe ruwa yana shiga ɗakunan mutane da damina, ya rubuta ya ce a duba, wannan gyara kayanka ne, kuma sashe na 39 na tsarin mulki ya ba shi damar faɗa, na 40 ya ba shi damar haɗuwa da 'yan'uwansa su kafa ƙungiya a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ke ofis ba zai sani ba sai an gaya masa. Inda nake tare da kai Baba ɗari bisa ɗari shi ne zagi da ƙage. Wanda ya zagi uwar mutum ko ya ƙirƙiri labarin da bai faru ba ya yaɗa a WhatsApp, wannan bai gyara kayan kowa ba, ya ma ba mai laifi mafaka, don gobe in aka zo da ƙorafi na gaskiya sai a ce ai irin wancan ne.

Bari in ɗan ratse nan. Akwai kalmar da nake jin nauyinta duk lokacin da aka faɗa a labarai, 'yan adawa. Adawa daga Larabci take kuma ma'anarta ƙiyayya, gaba. Mun ɗauki sunan maƙiyi mun ba wanda ya faɗi zaɓe, to ina mamaki in wanda ya ci ya ɗauke shi abokin gaba, a hana unguwarsu taransifoma, a yi wa ɗan'uwansa canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa. Ni na fi son 'yan hamayya, don hamayya gasa ce tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a jana'iza ɗaya da ɗaurin aure ɗaya. Kuma nan ne zuciyar tsarin dimokuraɗiyya take, masu rinjaye su yi mulki amma rinjayen bai ba su ikon taɓa haƙƙin wanda bai zaɓe su ba, kotu tana nan a tsakani, jarida tana nan, wa'adi shekara 4 ne sau biyu ga gwamna da shugaban ƙasa, bayan nan dole a sauka. Sarki goma zamani goma, mai rinjayen yau zai iya wayar gari yana neman kariyar dokar da ya taka jiya.

Sai wata baiwar Allah daga Mabera, ta ce lokacin zaɓe an zo gidajensu da taliya da sabulu da turmin atamfa, da ta ce ita wani daban take so sai maƙwabciyarta ta ce mata kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tana tambaya ko maganar ta hau kanta.

Malama, ma'anar karin maganar ita ce in ka karɓi ladan aiki to ka yi shi ko da ranka ba ya so. Wanzami askinsa ne, sana'arsa ce, yana da ikon sayarwa. Ƙuri'a ko shaida ce kike bayarwa cewa wane ya cancanci a ba shi amanar jama'a, kuma shaida ba ta sayarwa ba ce, dokar zaɓe ma ta haramta wa mai bayarwa da mai karɓa. Na san akwai masu cewa a karɓa a zaɓi wanda ake so, ni dai ban gamsu ba, don yara suna kallo suna koyon cewa a yi alkawari a saɓa ba komai ba ne. Na kuma san halin da ake ciki, macen da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba ba zan tsaya ina yi mata wa'azi kan ƙullin taliya ba, laifin ya fi yawa a kan wanda ya jira sai da yunwa ta kama ta sannan ya zo. Wanda karin maganar ta fi hawa kansa shi ne wanda ya bi gida gida ya nemi kujera, aka ba shi, yana karɓar albashi da alawus duk wata, shi ne ya ci ladan, shi za a tambaya ina askin. Ki tuna kuma matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kai, kuma yau duk wanda ya je makarantar firamare ranar zaɓe ya ga layin mata cikin hijabai da goyo a baya, rana tana dukansu tun hantsi har La'asar ana jiran na'ura ta karɓi yatsa, ya san su ne ƙarfin zaɓen.

Wani ya tambayi asalin dimokuraɗiyya da "romon dimokuraɗiyya" a taƙaice. Kalmar ta Girkawa ce, guntu biyu, jama'a da iko, daga birnin Atina shekaru wajen 2,500 da suka wuce, kuma a can maza 'yan gari kawai ke shiga, ban da mata ban da bayi ban da baƙi. Romo kuwa bayan 1999 ya yi tashe a bakin 'yan siyasa, kuma ba na son sa, don romo ruwan nama ne da ake zuba wa wanda bai samu tsoka ba, sai ka ga kamar an yarda tsokar ta wasu ce.

Ta ƙarshe, wani matashi daga Wurno ya ce to bayan an kaɗa ƙuri'a mi ya rage wa mutum. Da yawa ɗana. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 masu rajista sun haura miliyan 93 amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 25 ba, don haka fitowar kanta ba ƙaramin abu ba ce, sannan a kasa a tsare kamar yadda ake cewa, a jira a ƙirga a gabanku a liƙa sakamako. Bayan nan akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ka damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya takarda ka nemi bayani, kuma kwana 7 doka ta ba su su amsa. Akwai kiranye, wato jama'a su sauke wakilinsu kafin wa'adinsa ya cika, sashe na 69 na tsarin mulki ga 'yan majalisar tarayya da na 110 ga na jiha, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu, yana da wuya amma yana nan. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, mu nan jihar Sakkwato muna da 23, to ku matasan Wurno ku haɗu ku biyar ko goma, ku sami kansilanku da sallama da ladabi, ku tambaye shi nawa ya shigo watan jiya da abin da aka yi da shi, ku rubuta amsar da ya ba ku da kwanan wata, wata mai zuwa ku koma.