Ba ni da mota a Landan: ina zan taka a bakin teku, ina zan kai Hajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Landan, wata bakwai ke nan da zuwana, daga ɗaki sai aji sai kanti. Ina jin labarin hanyoyin tafiyar ƙafa a bakin teku, amma ba ni da mota. Ga shi kuma mahaifiyata za ta zo bikin kammala karatuna, tana son shuke-shuke sosai, sai dai tana fama da ciwon gwiwa. Akwai wurin da jirgin ƙasa ko bas zai kai mu?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya sa a gama karatu a sa'a. Ki raba tafiyar gida biyu, taki daban, tata daban, domin wurin da zan tura ki ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Taki ita ce Seven Sisters, a gaɓar kudancin Ingila, tsakanin garin Seaford da Eastbourne. Tuddai ne bakwai na farin alli da teku ya yanke tsaf kamar an sa wuƙa, samansu kore shar da ciyawa. Rashin motar ma gata ne a nan: mai mota dole ya dawo inda ya ajiye ta, ke kuwa sai ki shiga ta wani gari ki fita ta wani. Ki hau jirgi daga tashar Victoria zuwa Lewes, ki canza zuwa Seaford, awa ɗaya da rabi ko da 'yan kai. A dawowa akwai jirgin da ke tasowa daga Eastbourne kai tsaye zuwa Victoria. Tunda shi ma ta Lewes yake bi, ki yanki tikitin zuwa da dawowa na Eastbourne, ki ƙara ɗan tikitin Lewes zuwa Seaford. Katin Oyster na shiga jirgi da bas a Landan ba ya kai wa can. In kina da katin rangwamen jirgi na matasa da ɗalibai, za a rage miki kashi ɗaya cikin uku. Ki kuma duba jadawali tun daren jiya, musamman in Lahadi ce, don ranar suka fi gyaran layin dogo, sai ki ga an juye ku cikin bas.

Daga Seaford zuwa Eastbourne kilomita 21 ne ko 22. A takarda kamar wasa, amma hawa ne da sauka, ki gama wannan tudun wancan na jiranki, masu ƙarfi ma sukan ci awa shida zuwa bakwai. Wadda ta yi wata bakwai a zaune kada ta ce za ta haɗiye shi lomar farko. Abin da ke ceton mutane shi ne bas mai lamba 12, wadda ke zirga-zirga tsakanin Brighton da Seaford da Eastbourne a kan titin da ke bayan tuddan. Da ita za ki yayyanka hanyar yadda ƙafarki za ta ɗauka, kuma ana biya da katin banki.

In ni ne ke, ranar farko daga Seaford zan fara, in bi bakin ruwa in hau tudun Seaford Head, in gangara zuwa Cuckmere Haven. Akwai wasu tsofaffin gidaje na masu gadin gaɓar teku a gangaren. Ki tsaya bayansu ki dubi gabas, tuddan bakwai za su jeru a gabanki reras. Sanannen hoton wurin daga nan ake ɗaukarsa. Wanda ke saman tuddan ba ya ganinsu, ciyawa kawai yake takawa.

A nan ne kuma tarkon yake. Kogin Cuckmere na shiga teku daidai wurin, kuma babu gada a bakinsa. Tudun farko na gabanki kamar ki miƙa hannu ki taɓa, ruwan kuma ba shi da wani faɗi, sai zuciya ta ce tsallaka. Na taɓa biye mata. Na cire takalmi na naɗe wando, taku uku na ji sanyi ya sare mini ƙafa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashina, ruwan na ja kamar da gaske, na koma da baya ba shiri. Idan teku ya janye wasu kan ratsa, amma da ya fara cikowa zurfin ya wuce wasa. Ki bi gefen kogin ki shiga ciki zuwa gadar Exceat. Can akwai tashar bas ɗin nan, da banɗaki, da wurin shan shayi. In kin gaji, tafiya ta yi kyau, hau bas ki koma. In da sauran ƙarfi, ki dawo bakin teku ta ɗaya gefen ki fara hawan tuddan zuwa Birling Gap, kimanin kilomita 6.

Maganar da nake so ki riƙe da hannu biyu ita ce ta bakin tuddan. Allin nan ba dutse ba ne irin na Dala ko Kufena. Ruwa na cin sa ta ƙasa, sama kuma ciyawa ta rufe, sai mutum ya tsaya a kan abin da babu komai ƙarƙashinsa. Ba shinge a mafi yawan hanyar. Ki bar aƙalla mita 5 tsakaninki da bakin, kome kyan hoton da kike hange. In kina son shaida, ki dubi jerin gidajen Birling Gap da aka riƙa rushewa ɗaya bayan ɗaya saboda teku ya cim musu, da Belle Tout, tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa, da aka ɗaga ɗungurungum a 1999 aka ja da ita baya mita 17. Gaba da ita sai Beachy Head, mita 162 daga ruwa, babu gaɓar alli da ta kai ta tsayi a Birtaniya. Idan kin sauka matakalar Birling Gap zuwa bakin ruwa, kada ki zauna a gindin bangon allin, kuma ki san lokacin cikar teku. In wani abu ya faru, ki kira 999 ki nemi masu gadin gaɓar teku. Bas ɗin da ke shiga Birling Gap ba kullum take aiki ba, amma tafiyar minti ashirin zuwa talatin za ta kai ki ƙauyen East Dean, inda lamba 12 ke tsayawa.

Iskar wurin ba ta da kunya. Mayafi mai faɗi zai zame miki tanti, gara hijabi ƙarami da rigar ruwa a sama, da takalmi mai riƙe ƙasa. Ki ɗauki ruwa da guzuri da ƙaramar darduma. Alƙibla kudu maso gabas take, fili kuwa ga shi nan har ya yi yawa. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a Yuni kuwa sai bayan tara, don haka daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin sabon shiga. Ki tafi da ƙawa.

Hajiya kuma Lambun Kew za ki kai ta. Layin District na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ku a tashar Kew Gardens, ƙofar lambun mai suna Victoria ba ta fi mita 500 daga nan ba. Shimfiɗaɗɗen wuri ne, kujeru ko'ina, kuma suna ba da aron keken turawa. Ana biyan kuɗin shiga, ɗalibai na da sauƙi. An kafa lambun a 1759, ya fi eka 300, don haka kada ku ce sai kun gama shi. Ku nufi babban ɗakin gilashin nan na itatuwan ƙasashe masu zafi da aka kammala a 1848. Kuna buɗe ƙofa ɗumi da laima za su doke ku, tabarau ya yi hazo, ga kwakwar manja da ayaba da koko. Na tabbata Hajiya za ta ce an mayar da ita hanyar Kurmi. Wurin ma yana da tsohuwar alaƙa da mu: Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da masanan Kew ya yi aikin rubuta tsirran Afirka ta Yamma daga baya.

In gwiwar ta yarda washegari, ku je Richmond Park, shiga kyauta ne, bareyi na kiwo a sake. A cikinsa akwai lambun Isabella da ke cika da furanni daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, sai dai yana da 'yar tazara daga ƙofa. Kada ku matsa kusa da bareyin, kuma in kun ratsa doguwar ciyawa ku duba ƙafafunku da kun dawo gida, akwai kaska.