Talauci da albarka: amsa ga masu tambaya daga Legas

Wata 'yar'uwa mai zuwa sujadar Hausa a Agege ta rubuto: "Malam, an karanta mana Matiyu 5:3, inda Yesu ya ce masu talaucin ruhu masu albarka ne, Mulkin Sama nasu ne. Yaya talauci da albarka za su kwana ɗaki ɗaya? Ko cewa aka yi mu rungumi tsiya?"

'Yar'uwa, ba wanda ya ce ki rungumi tsiya. Tsiya takan haɗa rashi da mugun hali, shi ya sa ake cewa wane ya cika tsiya ko da aljihunsa a cike yake. Fatara rashin abin hannu ce zalla. Talauci kuwa ɗan'uwan talaka ne, talaka kuma a asali shi ne wanda ba shi da sarauta, ko da yana da dukiya. Attajirin Kano mai ayarin raƙuma, idan ya iso fada, takalmi yake tuɓewa ya faɗi gaisuwa. Haka mai talaucin ruhu yake a gaban Allah: ya san bai zo da rawani ba, ba shi kuma da abin da zai saye jinƙai da shi.

Ki duba Luka 18, misalin da Yesu ya bayar na mutum biyu da suka je Haikali yin addu'a. Bafarisiye, wato ɗan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Shari'ar Musa, ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa sau biyu a mako da zakkar da yake fitarwa. Mai karɓar haraji ya tsaya can nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana dukan ƙirjinsa yana roƙon jinƙai. A wurinmu bugun ƙirji alfahari ne, amma a can alamar nadama ce, kada ki rikice. Mai karɓar harajin nan ne Yesu ya ce ya koma gida karɓaɓɓe ga Allah. Na farkon kuwa, Hausawa sun riga sun yanke masa hukunci: girman kai rawanin tsiya.

Kada kuma a haɗa talaucin ruhu da mutuwar zuciya. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 ya tambaya ko albarka da arziki abu ɗaya ne.

Dukansu daga Larabci muka aro su, amma aikinsu daban. Arziki ana ƙirga shi: buhu nawa, mota nawa. Albarka ta fi kusa da auki, wato kaɗan ya wadatar da gida har maƙwabci ya samu. Shi ya sa uwa takan ce wa ɗanta "Allah ya yi maka albarka" ko da ya fi ta kuɗi nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu wa'azi a garin nan suke auna albarka da mota da gida a Lekki, unguwar masu kuɗi, har mai gadi ko ɗan acaba ya fito daga majami'a yana ganin Allah ya manta da shi. A Luka 6:20 matalauta Yesu ya kira masu albarka kai tsaye, a aya ta 24 kuma ya yi wa mawadata kaito.

Kai da kanka, ɗan'uwa, kana amfani da kalmar kullum a rumfa. Mai saye ya taya buhu da arha, ka ce "albarka", wato ba ka sallama ba. Ka hana shi kaya, amma ba ka kore shi da baƙar magana ba, shi ya sa yakan tsaya ya ƙara tayi.